Shirin haihuwa idan aljihu ba nauyi: ki fara da ranar farko kafin ranar bakwai

Kwanakin baya ƙanwata ta turo min lis ɗin kayan haihuwar da take so a siya, cikinta ya shiga wata na biyar kuma na fari ne, wai Yaya duba min ko akwai abin da na manta. Na duba. Gadon jariri mai lilo, keken turawa, bahon wanka mai kala ɗaya da labulen ɗaki, leshin fitar suna, atamfar anko ita da ƙawaye, kuɗin mai ƙunshi, kuɗin mai kwalliya, har da robobin rabo da za a manna wa hoton jariri, jaririn da ba a ma san mace ce ko namiji ba. Na karanta har ƙasa na sake komawa sama, ban ga inda aka rubuta kuɗin asibiti ba. Mijinta kuwa koyarwa yake a wata makarantar kuɗi, irin albashin nan da kafin sha biyar ga wata ya zama labari.

Ban yi mata faɗa ba don ni ma abin da na yi kenan a haihuwata ta fari. Akwati biyu na cika da kaya, naƙuda ta taso wajen biyun dare, babu abin hawa sai da aka buga wa maƙwabci ƙofa, muna isa asibiti nas ta miƙo wa Baban yara takarda ta ce maza a siyo waɗannan, wallahi ina daga ciki ina jiyo shi a baranda yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman rance, alhali kuɗinmu suna can wajen tela an ba da ɗinkin suna. Tun daga ranar na canza lissafi, kuma haihuwa biyun da suka biyo baya da wannan lissafin na yi su. Shi ne zan zayyano miki a nan.

Kuɗin da kike da su ko nawa ne, ki raba su gida huɗu a zuciyarki, kuma a jere suke ba a tsallake ɗaya: ranar haihuwa, cikin mai jego wato abincinta, jikin jariri, sai suna a ƙarshe. In kuɗin sun ƙare a na uku to shikenan suna sai a yi shi daidai ruwa daidai tsaki.

Tarin ma tun yanzu ake farawa, ba sai ciki ya tsufa ba. Ki samu asusu, ko gwangwanin madara ne ki sa a huda miki, kullum ki jefa abin da ya samu. Naira 500 a rana in kika jure wata shida, kwana 180 kenan, dubu 90 ce ta taru ba ki ji a jikinki sosai ba. In adashi kike yi ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo a wata na bakwai ko na takwas, kar ki yarda a kai ki watan haihuwa, saboda jariri ba ya duba kalanda, wani tun a wata takwas yake sallama. Kuma dan Allah wani kaso na kuɗin nan ya zauna tsaba a gida, a ƙulle a ƙasan akwati. Kar ki ce ai suna banki za a yi tiransifa, ranar da kike buƙatar sabis ranar yake ɗaukewa, mai POS kuma ba ya kwana a bakin titi domin ki.

Awo shi ne abu mafi arha da zai hana ki kashe kuɗi masu yawa daga baya, amma shi muka fi wasa da shi, sai ciki ya kai wata bakwai mace ta je ta yanki kati don kawai kar nas ta yi mata faɗa ranar haihuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. Ba sai kin je asibitin kuɗi ba, ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku ya isa in dai ciki lafiya yake, in sun ga abin da ya fi ƙarfinsu su da kansu za su tura ki babba. A wajen awon ne za a auna hawan jini, a duba fitsari, a ba ki maganin ƙarin jini, a yi miki allurar tetanos, daga wata na huɗu kuma a fara ba ki ƙwayoyin nan uku na rigakafin maleriya, wani lokacin har gidan sauro mai magani ake rabawa. Ki sha maganin ƙarin jinin nan ko da yana tayar miki da zuciya, ki sha shi da daddare bayan kin ci abinci. Ledar jini ɗaya in aka ce sai an ƙara miki ta fi kuɗin ƙwayoyin nan na wata tara nesa ba kusa ba.

Abu biyu ki tabbata kin tambaya da bakinki. Na farko rukunin jininki, in aka ce miki negetif ne to akwai allurar da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne, kuma allurar tana da tsada, gara ki sani tun ciki yana ƙarami ki fara yi mata nata asusun. Na biyu ki ce su ba ki lis ɗin kayan da suke so a zo da su ɗakin haihuwa, kowane asibiti da nasa. Yawanci dai ba ya wuce safar hannu, auduga, sipirit, Jik, sabulu, ledar shimfiɗa, abin ɗaure cibiya, audugar mata manya, da tsofaffin zannuwa wankakku. In kika siye su ɗaya ɗaya a kemis ɗin unguwa ko a kasuwa da rana tsaka kina tayawa, ba daidai yake da a siyo su a shagon bakin asibiti ƙarfe ukun dare ba, mai shagon ya san ba ku da zaɓi.

Maigida kai ma ga naka. Ka san rukunin jininka, ka nemi mutum biyu cikin 'yan uwa ko abokai da suka yarda za su ba da jini in ta kama, ka karɓi lambar mai adaidaita sahu biyu na unguwa waɗanda ka san za su ɗaga waya da dare, ka gaya musu watan tun da wuri. In mota gare ka ko mashin kar tanki ya kwana a bushe daga wata na takwas, na san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a 2023 amma haka za a daure. Sannan maganar aiki, wato tiyata, ba fata ake ba amma a sa ta a lissafi. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, to ka je da ƙafarka ka tambaya a asibitin da take awo ko suna cikin shirin da kuma takardun da ake buƙata, ka tambayi inshorar lafiya ta jiharku ma. Tambayar da aka yi ana zaune lafiya ta fi wadda za a yi ana kuka.

Kuma in kin ga jini, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko motsin yaro ya ragu, ba a jiran gari ya waye don a rage kuɗin mota. Jijjiga ba ta sallama.

Jakar asibiti ki haɗa ta kina shiga wata na takwas, ki ajiye ta inda ko yaro aka aika zai gani, katin awo a aljihun gaba.

To mu zo kan kayan jariri, inda mata muke zubar da kuɗi kamar ba gobe. Gaskiyar magana jariri sabuwar haihuwa abu kaɗan yake buƙata: nono, ɗumi, tsafta. Kayan nan ƙanana na sabon haihuwa sati huɗu zuwa shida sun matse shi, wani ma da aka haifa da girma ko sau ɗaya ba zai sa ba. Riguna shida zuwa takwas masu taushi na auduga sun isa, ki haɗa da waɗanda suka ɗan fi girma, hula biyu, safa uku, shawul ɗaya, tawul biyu. Ki duba lokacin da haihuwar za ta faɗo, in a hunturu ne Disamba zuwa Janairu ki ƙara masu kauri da abin rufa, in kuwa a bazara ne irin zafin Afrilu ɗin nan, 'yar shimi da nafkin sun wadatar, kina jibga masa kayan sanyi ƙuraje ne za su feso masa ki koma siyen magani.

Kuma ki cire kunya ki shiga gwanjo. Mu a Kano Ƙofar Wambai muke zuwa, kowane gari da tasa kasuwar, in kika dace da ranar da aka fasa dila za ki tsinci kayan jarirai masu kyau da ko alamar sawa babu, don can ma yaran nasu ba sa daɗewa a ciki. Ki wanke da sabulu da ruwan zafi, ki shanya a rana sosai, ki goge, babu mai ganewa, in ma an gane sai me. Haka kayan 'ya'yan yayyenki da na ƙawaye, ki buɗe baki ki tambaya, da yawa suna nan a ƙasan gado a cikin Ghana Must Go ana rasa yadda za a yi da su. Ɗiyata ta biyu kusan duk a kayan ɗan yayata ta yi wata ukun farko, shuɗaye ne na maza, uwar mijina ta yi ta mita wai an mai da mata jika namiji, yarinyar dai ba ta kai ƙara ba.

Abu ɗaya, in za ki adana kayan kar ki zuba musu kafur. Mun saba da shi don ƙamshi da korar kyankyaso amma likitoci suna hanawa, akwai jariran da yake fasa wa jini ya jawo musu shawara mai tsanani.

Kar ki manta mutane za su kawo barka. Sabulai, omo, man shafawa, hoda, rigunan jarirai, turmin atamfa, duk za su shigo, ni sabulun da na samu a haihuwar fari sai da ya kai ni wata biyar. Don haka kar ki siyi katan ɗin komai kafin suna, ki siyi na sati ɗaya kawai, bayan an watse ki zauna ki ga abin da ya taru sannan ki cike gibin.

Famfas shi ne ramin da ba ya cika. Jariri sabo yana iya ɓata takwas zuwa goma a rana, ki lissafa a wata ki gani. Abin da na yi shi ne nafkin na yadi dozin ɗaya da rabi da wandon roba uku, su nake sa wa da rana a gida, famfas kuma sai dare da ranar fita asibiti ko unguwa. Eh akwai wanki, ba zan ɓoye miki ba, kuma in unguwarku ruwa sai an siya wajen 'yan garuwa to ki sa wannan a lissafi ki ga wanne ya fi miki. Bokiti ɗaya mai murfi ki ware, ki ɗauraye kashin nan take ki jiƙa, da safe a wanke a shanya a rana, rana ita ce maganin wari da tabo. Tsohon zanin atamfa da ya sha wanki ya yi laushi ma yana yi, iyayenmu da shi suka raine mu. Maimakon takardar goge-goge ta kanti, ruwan ɗumi da auduga, ki shafa masa baselin ko man kaɗanya, shikenan.

Gadon jariri, keken turawa, kujerar lilo, duk ki tsallake. Keken turawa a wane titin, lungunmu da ko mai baro sai ya yi dabara? Zanin goyo biyu da majanyi sun gama miki komai. Wajen kwana kuma 'yar katifa mai ɗan tauri a gefenki cikin gidan sauro, a kwantar da shi rigingine, babu filo babu tarin tsummokara a kusa da fuskarsa. Baho kuwa kowace roba mai faɗi sabuwa ta yi, ba sai mai hoton agwagwa ba.

Cibiya ki nemi jel ɗin nan da ake kira kulohekzidin, ɗan ƙaramin bututu ne ba shi da tsada, wasu asibitocin ma suna bayarwa, a shafa sau ɗaya a rana da hannu mai tsafta, kuma a kula sosai kar ya kusanci ido, na cibiya ne kawai. Ban da man goge baki, ban da toka, ban da gashi da tsumma mai zafi har fata ta tashi. Na san za a sha daru da tsofaffi a nan, ki ce musu nas ce ta ce, ni da haka na tsira. Tozali ma ki bar shi, irin na gargajiyar nan ana samun dalma a ciki. In kin ga idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, ko jiki ya yi zafi, ko cibiya tana wari, asibiti za a nufa ba wajen mai jiƙe-jiƙe ba, shawarar da aka kai da wuri yawanci fitila kawai ake sa yaro a ƙarƙashi.

Babban tanadin da ya fi duk waɗannan shi ne nono. Ki sa shi a nono cikin awar farko, dakashin nan mai kauri da ake cewa a matse a zubar shi ne rigakafinsa na farko, kar ki bari a zubar. Nono zalla wata shida, ko ruwa ba sai an ba shi ba, ruwan yana cikin nonon. Ki je kanti ki tambayi kuɗin gwangwanin madarar jarirai ɗaya, ki tuna ba ya kai sati in ita kaɗai yaro yake sha, ga fida ga tafasa ruwa ga gudawa in tsafta ta kuskure. Sai dai in likita ne ya ce a ba da saboda wani dalili, wannan daban.

Shi ya sa na ce gida na biyu cikin mai jego ne. Kuɗin keken turawan nan ki mai da su gero. In haihuwar za ta zo bayan kaka, a siyi gero da dawa da wake da gyaɗa lokacin da sabo ya shigo kasuwa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ko kwano biyar biyar ne, masu hali su leƙa kasuwar hatsi ta Dawanau su haɗa kuɗi da maƙwabta a raba buhu. A daka yajin jego tun da wuri, citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono. Busasshen kifi, zogale, alayyahu, ƙwai, hanta ko sau ɗaya a sati, kunun gyaɗa da safe, ruwa mai yawa. Ba sai an yi ta gasa kaji kullum ba kafin nono ya kawo.

Wankan jego kuma a yi magana ta gaskiya, itacen da ake ƙonawa safe da yamma har kwana arba'in ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ruwan da ake tafasawa ya yi ta tururi a fyaɗa wa mace da ganyen darbejiya har fatarta ta saɓule ba shi ne lafiya ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wajen masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da zafin da ake gasa jiki da shi. Ruwa mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka ya isa, tukunya ɗaya, kanwa kuma a rage ta sosai, mai hawan jini ma ta bar ta gaba ɗaya, wadda aka yi wa aiki kuma ta bi abin da likita ya ce. Kin ga an rage itace an kuma rage jinya. In goyon ciki za ki tafi gida, ku zauna da maigida a yi maganar abin da zai riƙa aikawa tun kafin ki tafi, kar a bar wa Baba da Inna nauyin duka, su ma fama suke.

Rigakafi kyauta ne a asibitin gwamnati, kuɗin mota kawai za ki tanada: ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko a yi masa BCG da ɗigon foliyo da ta ciwon hanta, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara. Katin ki sa shi a leda ki adana. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ma ki karɓa tun yana jariri, a asibitoci da yawa akwai teburinsu, kar sai za a sa shi makaranta a fara yawon nema.

Sai suna. Abin da addini ya nuna a rana ta bakwai shi ne a yanka dabba, a raɗa suna, a aske gashin a yi sadaka, kuma yankan ma malamai sun ce sunna ce ga mai hali, ba a ce a ci bashi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi dabba ɗaya ce ko namiji aka haifa ko mace, kuma ba dole sai rago mai ƙaho ya nannaɗe ba, tunkiya ko akuya da ta cika sharuɗɗan layya ta wadatar, ku tambayi malamin unguwa ku ji. In da fili a gida a siyi ƙaramar dabba tun ciki yana wata huɗu a yi kiwonta da dusa da ragowar abinci, musamman in haihuwar za ta faɗo kusa da Babbar Sallah lokacin da dabbobi suke tashin gwauron zabi. Sauran kuwa, anko, kanofi, mai kiɗa, robobin rabo, ɗinki kala biyar, duk mu muka ɗora wa kanmu. A haihuwata ta uku da asuba aka raɗa suna a masallaci aka raba dabino da goro, da rana aka dafa shinkafa da wake tukunya ɗaya da zoɓo, na sa atamfa ɗaya sabuwa da Baban yara ya yi min, 'yan uwa na jiki suka zo aka ci aka watse kafin magariba. An yi gulma, wata ma ta ce wai kamar ba haihuwa aka yi a gidan ba. Sati biyu aka yi ana maganar sai wata ta haihu a layin aka koma kanta.

Ita ƙanwar tawa na mayar mata da lis ɗinta na soke abu goma sha ɗaya, na rubuta mata kuɗin asibiti a saman shafi da manyan baƙi. Ta yi fushi kwana biyu ba ta ɗaga wayata, jiya dai ta kira wai in raka ta Wambai ranar Asabar, amma ita fa leshin nan ba za ta fasa ba. Na ce mu je tukunna, in canji ya ragu bayan an siyi safar hannu da auduga sai a yi maganar leshi.